Tsagar da Ke Ƙarƙashin Tsagar Kaka

Malama Hauwa, kin taso daga Maiduguri neman mijina, kin tarar da ni cikin takaba. Allah bai nufa ku gana ba. Mijin nawa ne ya san abin da kike bincike, labarin mazan da suka yi tsaron iyaka kafin zuwan Turawa. Ni ban yi karatu ba, abin da na ji a bakin murhu kaɗai nake da shi. Idan na yi kuka kada ki ajiye biro, haka nake tun ranar da aka fita da shi.

Ni da Malam Garba auren zumunci muka yi, kakarmu ɗaya, Kaka Talatu. Mashin da kika gani jingine a zaure na wanda ya raine ta ne, Baba Mai Mashi. A zamaninsu, da an gama girbi kowane gida sai ya ba da namiji, su tafi bakin iyaka su tare a bayan shingen ƙaya har faɗuwar ruwa. Mahaya su kawo hari daga yamma, su kore shanu, su ƙone rumbuna, su kama mutane. Namu ma su je su rama. Wannan na biyun maza ba su cika faɗarsa a zaure ba.

Muna yara a ƙauye, in an ci tuwo, maza su nufi zaure wurin labarin jarumtaka, mu mata mu kewaye Kaka. Takan hura wuta da karan dawa, ta tura gyaɗa cikin toka.

"Ku matso, marasa kunya," in ji ta. "Wadda ta yi gyangyaɗi ta yafe rabonta."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai wadda take maimaitawa har muka gaji. Wai shaho ya sure ƴar zabuwa, ta suɓuce masa ta faɗa gidan wani zakara. Zakara ya ji tausayinta, ya kuma san in aka gane ba tasa ba ce, za a kai ta kasuwa. Sai ya shafe ta da farar toka har ɗigon jikinta ya ɓace, ya ce wa kowa ƴarsa ce. Ta girma cikin kaji, ta ci ta ƙoshi. Wata yamma ta ji zabi suna kira daga daji. Ta buɗe baki za ta amsa, sai kukan kaza ya fito.

"Sai me, Kaka?"

"Sai aka kira ta cin tsaba, ta tafi. Ku ma ku tashi."

Wata rana da sauran suka watse, ta kama hannuna ta ɗora a kumatunta.

"Yagana, shafa. Me kika ji?"

"Tsagar gidanmu."

"Ke da gaggawa kamar akuya. Ƙara shafawa."

Na ƙara. A ƙarƙashin manyan layukan nan irin namu akwai wasu sirara, da ƙyar yatsa ke jin su, kuma ba hanya ɗaya suka bi ba. Ta ce tana ƙarama, tana bin uwarta rijiya, mahaya suka faɗo wa garinsu. Baba Mai Mashi ne ya ɗauke ta a gaban sirdi. Bai da haihuwa. Da aka zo rabon ganima ya ƙi ba da ita, ya kira wanzami ya yi mata tsagar gidansa a kan tata, don duk mai tsagar gari ba a sayar da shi. Ranar Talata aka kawo ta, shi ya sa ake ce mata Talatu. Sunanta na fari, da sunan garin, da harshen, duk sun tafi.

"Ya cece ni, ya kuma shafe ni," in ji ta. "Ina yi masa addu'a. Amma ke ki riƙa duba fuskokin mutane."

Bayan aurenmu muka dawo nan Potiskum, Malam ya shiga dillancin shanu. Ranar da na gaya masa asalin Kaka, sai da ya ƙi cin tuwona. Mutumin da ke bugun ƙirji yana cewa jinin Mai Mashi ne a jikinsa.

"Ke da zabuwarki," ya ce. "Tatsuniyar mata ce za ta raba ni da kakana?"

Na ce ba ta raba ka da shi ba, hura wutar gidansa muke yi har yau. Na kama fuskarsa na zana masa layukan da yatsa.  Da ranar kasuwa ta zagayo, ya dawo da yamma yana wanke ƙafa, sai na ji ya ce, "Yau ban ga mai irin tsagar ba."

Daga nan ya zame masa jiki. Kasuwar shanu babu irin mutanen da ba sa zuwa, kowa da tsagarsa, shi kuwa yana ciniki yana kallon kumatun tsofaffi. Har faɗa ya taɓa janyo masa, wani ya ce ko bashi yake binsa. Gashinmu ya yi fari yana dawowa da maganar nan, wani lokaci da tsiya: "Yagana, dangin naki yau ma ba su zo ba." A waje kuwa bai fasa yabon Mai Mashi ba, ni ma ban hana shi ba.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ba ta da ƙarshe ne saboda Kaka ta manta. Yanzu na san ƙarshen ne bai zo ba. Ranar kasuwa takan zo, in ji ƙarar motocin shanu daga nan unguwarmu Yerimaram, in zuba ido a ƙofa, babu mai shigowa ya ce mini bai gani ba. Yara sun daina tsaga, tsofaffin fuskoki suna ta shiga ƙasa. Mu biyu ne muka san layukan nan, ni da Malam, an binne ɗaya.

Ki rubuta jarumtakar Mai Mashi, gaskiya ce, Malam zai so haka. Amma ke mai yawon garuruwa ce, kina zama gaban tsofaffi. Ajiye biron yanzu, ƴar nan. Matso da fuskarki in zana miki layukan. Daga nan suke farawa, gefen ido.