Motar Yaya Marar Ƙara da Ragon Inna

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zan manta da jajiberin Babbar Sallar shekarar da Yayana ya sauya mota. Har yau in na tuna sai na ja tsaki.

Motarsa ta da tsohuwa ce mai shan dizal, gadon Babanmu, ta yi jigilar shinkafa daga fadama har ta gaji. In za a tashe ta sai ta yi tari, ta yi gurnani, ta turnuƙe ƙofar gida da hayaƙi. Kafin ta motsa, duk akuyar da ta fake a inuwarta ta ranta a na kare. Shi ya sa ba mu saba duba ƙarƙashin mota ba a gidanmu.

Sai Yaya ya rabu da ita, ya dawo daga Kano da wata mai sheƙi, wai ita jona ta ake yi da wuta kamar waya, in caji ya ƙare ta koma fetur. Kai, mun ga ta kanmu! Ba a gaisawa da shi sai an sha lacca. "Kun ji ƙara? Ai ba za ku ji ba, an wuce zamanin hayaƙi." Alhali unguwarmu a Haɗejia sai a jima ba a kawo wuta ba. Wurin injin casar shinkafarsa yake kai ta, a kunna janareta mai shan dizal ɗin da ya raina, yana zuba hayaƙi tana shan caji. Na ce, "Yaya, ashe dai dizal ɗin take sha a fakaice." Ya ce ƙauyanci ne ke damuna.

Innarmu kuwa tana da rago. Tun yana ɗan ƙarami take kiwonsa da hannunta, harawa da dusa ba ya rasawa. Tunda Baba ya rasu ba ta yi layya ba, ta ƙudurta bana za ta yi da abin da ta kiwata da kanta. Kullum da hantsi a ƙofar gida take ɗaure shi, a share masa makwanci.

Ranar jajiberin, ragon ya kwanta a inuwar motar ta baya, ya miƙe ƙafafu. Yaya ya fito da abokansa biyu, babbar riga sai ƙamshi, yana cewa, "Ku dai ku kasa kunne." Ya shiga, ya danna, ya ja baya. Wallahi ba mu ji komai ba sai ƙas! Sai kukan rago.

Inna ta fito ba ko takalmi. Ƙafar ragon ta baya ta karye, har ƙashi ya leƙo. Kowa ya san rago mai gurguntaka a bayyane ba ya layya, ga shi yana shan wahala. Dole aka yanka shi a ranar, saura kwana ɗaya, ya zama nama kawai.

Abin haushin, buɗar bakin Yaya sai cewa ya yi, "To wa ya ɗaure shi a nan?" Da ya ga idon Inna ya sauko: "Ki yi haƙuri Inna, yanzu zan sayo wanda ya fi shi girma."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sayo ka yanka, taka layyar ce. Tawa ga ta nan a kwance." Ko tsoka ɗaya ba ta ci ba. Washegari da maƙwabta suke yanka, ta shige ɗaki ta ja labule, ni kuwa na fashe da kuka don takaici.

Tun daga lokacin na gane, in ka sayo sabon abu, ka rufe baki ka fara sanin halinsa kafin ka tara mutane. In ba haka ba, kai za ka yi fankamar, wanda bai ji ba bai gani ba ya kwana a ciki.