Hoton Baba da Lawali Bai Ƙarasa Ba

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Lawali, wanda mutanen Cadawa suka sani da Lawali Mai Hoto. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna in rasa ta inda zan kama. Bana na samu bakin zaren, ko da yake abin da ya faru banan ƙara ruɗa ni ya yi.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Gazawa, alli na sani da allo. Ordinata kuwa, wadda 'yan'uwanmu na kudu ke ce wa kwamfuta, har gobe idan na zauna gabanta ji nake kamar na je gaida surukai: ban san inda zan aje hannuna ba. Don haka duk abin da zan faɗa a nan game da ita, yadda aka gaya mini ne, kuma ban rantse na fahimta ba.

Lawali shi ne ɗan farin Inna, shi ya sa tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da gare ta. Yana yaro "yaron nan" take ce masa, da ya girma ya koma "Mai Hoto". Shagonsa na kusa da tasha, da labule mai zanen bene da jirgin sama, inda manoman aya ke tsayawa ranar kasuwa a ɗauke su kamar yanzu suka sauko daga Makka. Daga baya ya sayo wata tsohuwar ordinata a Maraɗi, tare da faifan wani lojisiyel, wato manhajar gyaran hoto. Bai iya karanta ko kalma ɗaya a jikin lojisiyel ɗin ba, don ba ma da Faransanci yake ba. Hannunsa ne kawai ya haddace inda komai yake. Da shi yake ɗinke hotunan da suka yage, ya mayar wa tsofaffi da kunnen da ɓera ya ci.

Mahaifinmu Bagobiri ne daga wajen Tibiri, ya rasu ina goye. Ban san fuskarsa ba. Hoto ɗaya tak ya bari, ɗan ƙarami, wanda aka yi masa don katin ɗan ƙasa, Inna ta naɗe shi a tsumma ta ɓoye a gindin kwalla. Ranar da ta fito da shi ta ba Lawali, gara ta riga ta cinye kuncin hagu, daga ƙasan ido har muƙamuƙi, ta haɗa da askar Gobir ɗin da ke wurin. Ni ban gan shi ba, labari aka ba ni. Ku da kuka san mu kun san askar: zanen da ya taso daga gefen baki ya bazu zuwa kunne, wanda Katsinawan Cadawa ke tsokanarmu da shi wai kyanwa ce ta yakushe mu. Lawali ya shigar da hoton cikin ordinata, ya mayar wa Inna da guntun takardarta. A daminar nan ɗakinta ya yi yoyo, takardar ta zama dambu. Daga ranar, fuskar Baba ba ta da sauran wurin zama a duniya sai cikin ordinatar Lawali. Ya yi wa Inna alkawari zai gyara, ya yi mata babba ta rataya. Yana taɓawa kaɗan-kaɗan idan babu masu ɗaukar hoto, kuma ba ya bari kowa ya leƙa.

Sai aka shiga riƙon ƙwarya. Sojoji na riƙe da mulki, sun ce za su shirya zaɓe su mayar wa farar hula. Wanda bai ga shagon mai hoto a wancan lokacin ba bai ga cinkoso ba. Wannan na son hoton kati, wancan ya tsaya takarar konseye, wato kansila, yana son a manna fuskarsa a kowace bishiyar kasuwa daga Gangara har Cadakori. Ordinatar ba ta hutawa, wuta kuma tana zuwa tana komawa yadda ta ga dama. Wata rana da azahar ta dawo da ƙarfi, muka ji ƙauri.

Na raka shi Maraɗi wurin mai gyara. Mutumin ya ce uwar na'urar ta mutu, amma ya ceto abin da ke cikinta, ya kwashe a wani ɗan akwati mai igiya. Lawali ya sayi sabuwar ordinata mai sheƙi, da sabon sistem a ciki. Sistem, in ji mai gyara, shi ne maigidan da kowane lojisiyel ke zaune a ƙarƙashinsa. Aka zura tsohon faifai, sabon maigida ya ce bai san da zamansa ba. Mai gyara ya shiga nan ya fita can, ya ce zai roƙi sabon maigidan ya riƙa yi wa lojisiyel ɗin mu'amala irin ta tsohon maigida. Da ƙyar lojisiyel ɗin ya buɗe, Lawali har ya fara murmushi. Ana taɓa hoton Baba sai komai ya sandare, can kuma ya rufe kansa. Aka sake, fuskar allon ta koma kore-kore, ya sake rufewa. Aka gwada buɗe hoton da sabon lojisiyel da ya zo da ordinatar, shi kuma ya ce ba ya jin harshen da aka ajiye shi.

Kaina ya ɗaure. Na ce da mai gyara, don Allah ya gaya mini magana guda: Baba yana ciki ko ba ya ciki?

"Shina ciki, Malam," ya ce. "Hita ce ba shi yi."

Wannan amsar ta bi ni shekara goma. Na koyar da yara lissafi, na san abu ko yana nan ko ba ya nan. Ban san a wane aji zan sa mutumin da yake ciki amma ba ya fita ba.

Aikin zaɓe bai jira mu ba. Dole Lawali ya kama sabon lojisiyel, yana yi yana tsaki, don duk inda hannunsa ya saba zuwa sai ya tarar an kwashe abin an kai wani wuri. A cikinsa akwai wani maɓalli da ke share ƙuraje da tabo da kansa. Wani ɗan takara, Bagobiri mai aska, daga wani ƙauyen Gidan Rumji ya zo cikin gaggawa, motar kasuwa na jiransa, Lawali ya danna maɓallin bai duba da kyau ba. Na'ura ta ɗauka askar mutumin tabo ce, ta shafe masa ita tas. Aka buga, aka manna. Bayan 'yan kwanaki ya dawo ransa a ɓace: tsofaffin garinsu, waɗanda ba karatu suke yi ba, da aska suke gane nasu, sun tsaya gaban takardar sun ce ba su san wannan Bakatsinen ba. Waɗanda suka gane shi kuma suka ce tun bai ci zaɓe ba ya fara jin kunyar Gobir. Mu dai mun sha dariya. Lawali bai yi ba. Ya sake wa mutumin aiki, ya kuma rantse wannan lojisiyel ɗin ba zai taɓa fuskar Baba ba ko da zai iya buɗe ta.

Daga nan ya shiga neman tsohuwar ordinata irin tasa. Duk buro, wato ofis, da ya ji an jingine wata a lungu sai ya je. Ta garin Agye ba ta tashi ba, ta Gazawa ta tashi amma ba ta karɓar faifai. Mutane suna gudun tsoho suna neman sabo, shi yana bin gari-gari yana cigiyar abin da aka zubar, har abokansa suka fara ce masa ɗan gwangwan. Aka yi zaɓe, aka rantsar da waɗanda suka ci, takardun da ya buga suka koɗe a jikin bishiyoyi. Bai daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Maraɗi, bai dawo ba.

Bayan an share makoki muka nemi hotonsa. Mutumin da ya ɗauki rabin mutanen Cadawa, muka juye shagon kaf ba mu samu nasa ko ɗaya ba. Kullum yana bayan kyamara. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba ta kuma ambace shi ba. Sai dai duk lokacin da na je gaishe ta, bayan an gama gaisuwa, takan ce, "Malam bai hito ba har yanzu?" Malam take ce wa Baba. Ni kuma in ce ana nan ana ƙoƙari, alhali ɗan akwatin yana cikin jakata ban san ko ta ina ake kama shi ba. Idanunta suka fara hazo. Abin da ya fi damuna ke nan: kada Malam ya fito ranar da babu idon ganinsa.

Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da ya ga yau. Kowa mai hoto ne yanzu. Wayar da ke aljihun ɗalibaina tana wanke musu fuska tun kafin su roƙa, baƙi ya fito fari, mai ƙuraje ya fito sumul, har yarinya ta kawo hoton jarrabawa in dube ta in dubi hoton in rasa wa zan yi wa rajista. Aska ma an daina yi, 'ya'yana babu mai ita, kuma ban ce a dawo da ita ba. Wataƙila da ya yi tsakin nan nasa ya rufe shago. Wataƙila kuma da shi ne zai fi kowa iya wayar, don mutum ne mai naci. Ban sani ba.

Bana ɗiyarsa Barira, wadda ya bari tana firamare, ta gama karatun ordinata a Maraɗi. Ta zo hutu, na ba ta ɗan akwatin da tsohon faifan ba tare da na sa rai ba. Ta ce za ta gina ɗan ɗaki a cikin ordinatarta, ta zaunar da tsohon sistem a ciki, lojisiyel ɗin ya zaci har yanzu yana gidansu na da. Na ce wato ƙarya za ki yi masa. Ta ce, "Kusan haka, Baba Sani." Na zauna kusa da ita ina kallon ordinata a cikin ordinata, kaina na juyawa. Ta zura faifai. Ya buɗe. Ta taɓa sunan hoton, ni kuwa ina jiran ya sandare kamar da.

Sai ga mutum da hula, siririn wuya, idanu ƙanana irin nawa. Kuncin hagu cike, aska ta zauna daram. Ashe Lawali ya kusa gamawa, gefen hular kawai ya rage. Na haura shekara arba'in, ranar na fara ganin ubana, kuma ban ji kunyar hawaye a gaban ɗiyata ba.

Muka wanko babba muka kai wa Inna. Ta fito da shi tsakar gida wurin haske, ta kawo shi dab da fuskarta. Ta shafa kuncin dama, ta gyaɗa kai. Ta koma na hagu, yatsanta ya bi zanen, ya tsaya.

"Wanga kunci ba na Malam ba ne," ta ce. "Na yaron nan ne. Ku diba zanen ƙasa, ya karkace. Ranar suna ya motsa a hannun wanzami."

Muka dubi juna ni da Barira. A raina na ce shi ke nan, tsufa ya zo, ta fara haɗa miji da ɗa. Na lallashe ta na ce Inna, gyara ne aka yi, zana shi aka yi da na'ura. Ba ta yi mini gardama ba, ba ta kuma saki hoton ba.

Barira ce ta kasa haƙuri. Ta kunna ordinatarta nan kan tabarma. Ta ce wannan lojisiyel ɗin hawa-hawa yake ajiye aiki, kamar a jera ledoji masu haske a kan juna, kowace da abin da aka zana mata. Shi ya sa sabon ya kasa karanta shi. Ta ɗage ta sama, gyaran hula ya tafi. Ta ɗage ta biye, sai ga ɓarnar gara ta dawo, ramin nan fari a fuskar Baba. Ledar da ta toshe ramin kuwa an rufe ta ko'ina, kunci kawai aka bari a buɗe. Barira ta janye murfin.

Lawali ne. Ya karkata kai daidai yadda Baba ya karkata, ya ɗaure fuska, hannunsa ɗaya ya miƙe wajen kyamara, labulen bene da jirgin sama a bayansa. Bai yarda ya ƙirƙiro wa Baba askar ƙarya ba, sai ya ɗauki kansa ya ara masa tasa. Shi ya sa ba ya bari a leƙa. Hotonsa da muka juye shago muna nema, shekara goma yana kwance a ƙarƙashin fuskar Baba.

Yau idan aka tambaye ni me ya rage na yayana, ba shagon ba ne, don mai sayar da katin waya ke ciki. Ba lojisiyel ɗin ba ne, wanda sai an yi masa ƙarya yake tashi. Kuncin nan ne. Hoton yana rataye a ɗakin Inna, baƙi sukan tambaya wane ne, ni kuma har yanzu in buɗe baki in rasa suna nawa zan faɗa. Barira ta ce za ta raba su, ta wanke kowa daban, Inna ta ce a bar su yadda ya haɗa su.

Amma a ranar, kan tabarmar nan, Inna ta sunkuyo wajen allon. Barira ta matso mata da ordinatar, ta ƙara haske. Inna ta daɗe tana kallo, ta sa gefen zanenta ta goge allon kamar ƙura ce ta hana ta gani. Sannan a hankali, ba da mu take ba, ta ce, "Lawali."