Kalmar da Dije ta kasa faɗa

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku. Ban taɓa mantawa da ranar da na riƙe hannun Dije ba, ranar wata Laraba, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a nan Jigawa.

Ni ungozoma ce, ko bihim ban iya rubutawa ba. A lokacin wata ƙungiyar mata a unguwar Limawa ta ɗauke ni aikin rakiya. Shugabarmu Hajiya Sa'a, tsohuwar malamar makaranta, tana so a kai koke majalisar dokoki: a raba fyaɗe da zina a doka, kada macen da ta kawo kuka ta koma ita ce mai laifi. Tsarin aikin kuwa, mace ta faɗi abin da ya same ta, magatakardarmu Malama Ladidi ta rubuta, a karanta mata, ta dangwala yatsa. Nawa shi ne in kawo su, in zauna kusa da su, don yawancinsu ni na yanke musu cibiya.

Dije Bafillatana ce daga wajen Garki, mijinta ya rasu, tana tallar nono. Wani ya tare ta a hanyar gona, ga shi har ciki ya fito. Ta zauna a tabarma, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kun san kunyar Fulani. Malama Ladidi ta yi ta tambaya, shiru. Can Malamar ta ce, "Wato ya yi lalata da ke?" Dije ta gyaɗa kai. Aka rubuta, aka karanta, aka turo tawada.

Yatsanta na dab da takarda na cafke hannun.

"Lafiya, Iya?" in ji Malama Ladidi.

Na ce, "'Yar nan, lalata mutum biyu ke yin ta."

"Haba Iya, sakayawa na yi. Takardar da za ta je gaban manya, ai ba a sa mata waccan kalma."

"Manya abin da kika rubuta za su karanta, ba abin da ke zuciyarki ba. Bazawara ce, ga ciki, ga yatsanta a ƙarƙashin lalata. In takardar nan ta kai gaban alƙali, wa ya amsa laifi?"

Hajiya Sa'a ta cire tabarau ta ce, "Ladidi, yau wadda ba ta je aji ba ta yi mana gyaran jarrabawa. Yaga ta." Amma ta ce ba za a rubuta komai ba sai daga bakin mai abin.

Na sa kai cikin mayafin Dije, kamar yadda nake yi wa mai naƙuda. Na ce, "Ɗiyata, kin yarda da shi?" Ta ce da Fillanci, "Mi jaɓaayi," wato ban yarda ba. Na ce, "To yunƙura, saura kaɗan." Har aka kira la'asar muna nan. Sannan, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Fyaɗe ne."

Tun ranar na san a aikinmu kunya ado ce a baki, amma a takarda tana iya zama igiya.

Kayya, ina irin matan nan yanzu! Hajiya Sa'a ta yi ta sintiri da koken har ƙafa ta gaza. Allah Ya yi mata rasuwa shekaru kafin a taɓa dokar, Allah Ya jiƙanta. Malama Ladidi ta yi jikoki, har yau in ta gan ni sai ta durƙusa ta ce, "Malamata." Mutumin da ya tare Dije kuwa, ba a taɓa kama shi ba.

Dije ta yi mini alkawarin ni zan karɓi haihuwarta. Kafin watan haihuwarta ya kama, danginta suka tashi da shanu suka yi kudu. Na wanke zannuwa, na ajiye sabuwar reza, na jira. Har yau ban san ko mace ta haifa ko namiji ba.