Shuɗin da Na Zaɓa wa Kwanon Bariki

Ni na zaɓi launin kwanon farko da aka rufa gida da shi a Filinge, kuma da ma bakina ya ruɓe a ranar.

A ka aka ɗauko kwanon nan tun daga bakin kogi. Mutanenmu na aikin tilas suka shigo da shi ta garin Tabla, wuya duk ya kumbura, wana yana cikinsu. Manomi ne, ƙaƙƙarfa, ba ya magana sai an tambaye shi, don haka da aka zo rufa gidan kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, gardawansa, wato dogaransa, suka ce shi zai hau. Ni kuwa marini ne, kuma a lokacin ji nake duk ƙasarmu ta Kurfai ba wanda ya san launi kamata.

Tare da kwanon aka zo da fenti iri uku, fari da ja da wani shuɗi mai duhu, wai don kada tsatsa ta ci shi. Kumandan zai fita rangadi, ya ce a nemo wanda ya san launi ya zaɓa. Tafinta ya aika aka kira ni, na zo ina fankama.

"Mai rini, wane launi ad daidai ga babban mutum?" in ji tafinta.

Na ce, "Hwari na talakka na, ja na mata na. Babban mutum shuɗi shika sawa."

Har na ƙara da cewa Buzaye da rawani mai duhu suke keta rana, ba ta kashe su. Ban taɓa shiga ƙarƙashin kwano ba, na ɗauka ƙarfe da zane duk ɗaya ne. Wana ya hau ya shafe rufin kaf, ni kuma na riƙa jawo mutane daga kasuwa su zo su ga aikina.

Kumandan ya dawo tsakiyar bazara. Rana biyu kawai ya yi a gidan, ya fito da azahar fuska jajir, riga sharkaf, yana ihu, don ɗakin ya zama tanderu. Aka tsai da mu gabansa, ni da wana, kafaɗa da kafaɗa. Tafinta ya ce ana tambaya, laifin wa ne. Na dubi bulalar da ke hannun gardi.

Na ce, "Ni kaɗan nac ce a shahwa. Wanda yah hau shi yac cika shi."

Ƙarya ce, ban taɓa faɗin haka ba. Wana ya juyo ya dube ni.

Aka ce shi kaɗai zai kankare fentin, da dutse da yashi, daga hantsi zuwa la'asar, kuma ba takalmi, wai kada ya lotsa kwanon. Daga marina nake jin ƙarar kankarewar. Ranar farko tafin ƙafarsa ya yi bororo, ta biyu ya fashe, daga nan kullum da safe sai gardi ya tura shi tsani da gindin bindiga. Wanda aka sa ya shafa farin fenti daga baya ya ce ya tarar da fata manne a kan kwanon. Ni a makon nan rigar tafinta nake rinawa, kuma ta yi kyau, Allah ya isa tsakanina da kaina.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Yatsun suka lanƙwashe, ya koma taka gefen ƙafa. Nomanmu kuwa na tsaye ne, mutum ya wuni yana tafe yana tura hauya cikin yashi mai zafi, sai gonarsa ta koma saura. Kowace kaka nakan aika masa damman gero. Yana karɓa, saboda yara. Mukan haɗu a masallaci, ya amsa gaisuwata daidai yadda zai amsa ta baƙo. Na sha shirya abin da zan faɗa masa, in na je sai in tambaye shi ya jiki, in tashi.

Ranar da ya rasu na naɗe hannun riga na nufi ɗakinsa, tunda ni kaɗai na rage masa namiji a ɗakin uwarmu. Matarsa ta tare ƙofa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ya bar wasiyya. Kowa shi wanke shi, ban da kai."

Wani Bazabarme maƙwabcinsa ne ya shiga da ƙwaryar ruwa. Ni na tsaya a tsakar gida, mutane suna zagaye ni suna yi wa matarsa gaisuwa.