Ordinatar Idi ta kira Doguwa

Jama'a, yau ordinatar, wato kwamfuta, ta yi bori a Filinge!

Na kai gogena situdiyon Idi, ya ɗauki taken da muke kiran Doguwa da shi. Ya danna jan maɓalli, na goga. Sai ya danna wata kibiya mai zagaye, ya ce: «Baba Mamman, wagga maimaitawa takai. Saurara, in sawo shayi.» Ya hita.

Taken ya ƙare, ya sake. Ya ƙare, ya sake!

Ashe Inna Hajo mai hura tana bakin ƙohwa, ita ko tsohuwar ƴar bori ce. Sai ƙara! Ta hwaɗi, ƙwarya ta kihe. Doguwa ta hau!

Mata suna ihu: «Mamman, sallame ta, za ta ji ciwo!»

Ina sallama alhali na'ura tana ta kira? Na danna wani maɓalli, kore ya kunnu. Na ja wani sama, sauti ya ƙaru har kwanon ɗaki shina rawa!

Idi ya shigo a guje, ya bugi dogon maɓallin ƙasa. Tsit! Shi ke nan wai.

Na ɗauki goge ina lallashi. Doguwa ta ce: «Wane ne mai kirana ba hutu?»

Ni ba ni ƙarya. Na nuna ordinatar.

Ta ce: «To, ta ba ni baƙar kaza.»

Inna Hajo ta tashi lahiya lau. Idi shina kasuwa yanzu, neman kaza.