Gwangwanin Barewar Surukina

Abin ya faru damina biyu bayan rasuwar mai gidana, shekarar da katangar gidanmu na Damagaram ta faɗa wa akuyar maƙwabta. Lokacin salula ba ta kai hannun kowa ba a unguwarmu, sai an je shagon tela ake amsa kira. Can aka kira ni aka ce autata ta sauka lafiya a ƙasar Faransa, in zo in yi mata wankan jego.

Na sauka Paris da akwati biyu. Guda tufafina ne, guda kuma kayan aiki: kanwa, kimba, kasko, turaren wuta da humrar da na haɗa da hannuna. Ni kuwa humrata, a tambayi duk amaryar da aka kai a unguwarmu. Surukina ya tarbe ni, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon. Tun daga Paris har Villeurbanne, unguwarsu a gefen Lyon, shi yana kallon takalminsa, ni ina kallon taga. Haka muka gada, suruka ba ta zama ta yi ta zuba da mijin ɗiyarta. Gaisuwa, sai kowa ya kama bakinsa. In magana ta kama, ɗiyata ce ke ɗauka ta kai, ko da muna ɗaki guda.

Yaron kirki ne, injiniya, amma ba shi da abokin fita. Daga aiki sai gida. Akwai wani tsohon Bature a ƙasan benenmu, mai gashin baki kamar tsintsiya da kare mai dogayen kunnuwa. Shi da abokansa suna zuwa farautar barewa idan sanyi ya fara. Surukina ya daɗe yana son su sa shi cikinsu, tsohon yana ta ja masa rai. Ƙarshe ya ce ya zo ran Asabar su gani, in ya yi musu amfani ya zama nasu. Duk wannan daga baya na ji. A lokacin abin da na sani kawai, surukin nawa yana dawowa ya shige balko, wato ƴar barandar bene, yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase.

Ran Juma'a da hantsi na fita balkon shanyar kayan jinjira, wani wari ya mare ni. Na bi shi da hanci har bayan tukunyar fure. Gwangwanin madara ne an huhhuda shi, an liƙa masa ƴar fanka da pil, wato batir, a ciki ƴar kwalba da lagwanin tsumma. Ina buɗe kwalbar na ce a'uzu billahi. Ko makewayin tasha bai kai ta ba. A gefe kuma ga leda a ɗaure, da rigar sanyinsa a ciki cuɗe da busasshen ganye da ƙasa.

Na tsaya na yi tunani irin na manya. Gwangwani mai huda da fanka, ai kaskon turaren zamani ne, yaro ya ga ina wahalar hura gawayi ya ƙera mini, kunya ta hana shi miƙowa. Turaren ne dai aka cuce shi aka sayar masa da ruɓaɓɓe. Rigar kuwa, laifin ɗiyata ne. Haihuwa ba ta sa a bar kayan miji cikin shara. Ita tana barci, shi yana wurin aiki, ko yana nan ma da wane bakin zan tambaye shi?

Na tuttular da abin, na wanke kwalba da sabulu har ta yi ƙara, na cika ta da humra, wadda na ɓoye don ranar arba'in. Rigar na kakkaɓe, na kifa kwandon wanki a kan kasko, na shimfiɗa ta bisa. Ta sha hayaƙi ciki da waje har la'asar. Na naɗe komai na mayar cikin sabuwar leda na ɗaure tam, don kada ya ji nauyin yi mini godiya. Gidan kullum cikin turare yake tun zuwana, shi ya sa ba wanda ya lura.

Da asuba ya ɗauki ledarsa ya fita. Bai dawo ba sai bayan magariba. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, sannan ya juya wajen matarsa.

"Ki tambayi Inna, ko ta ga wata kwalba a balko."

"Ki ce masa na gani, na kuma gyara. Ba sai ya gode ba."

Ɗiyata ta dube shi, ta dube ni, ta sa gefen zane a baki.

"Inna, fitsarin barewa ne fa. Ta mace. Saye ya yi."

"Saye? Fitsarin?"

"Fankar ke watsa warin cikin daji, namijin ya ji ya taho. Rigar kuma ya sa ta cikin ganye ne don warin mutum ya fita."

"To ki ce masa ni ban taɓa jin inda aka ajiye najasa a gidan da ake salla ba. Kuma surukina ba ya shiga cikin maza yana warin juji ina raye."

Shi dai kansa na ƙasa. Ya ce da ita, a hankali, ta gaya mini ya rataye gwangwanin a reshe kafin ya gane, saboda sanyi ya toshe masa hanci. Fanka ta kama aiki. Karen tsohon ya yi ta atishawa har ya kwanta. Wani cikin maharban ya tambaya ko amarya aka kawo dajin. Barewa kuwa, ko kashinta ba su gani ba ranar.

Na ce, "Ki ce masa barewar ƙasar nan ba ta san abu mai kyau ba."

A nan ne na ga kafaɗarsa tana rawa. Ban sani ba dariya ce ko kuka, ban kuma duba ba, don ba kyau.

Kwana biyu gidan shiru. Surukina ya ɗauka shi ke nan, maharban sun sallame shi. Ɗiyata ta wanke rigar har ta gaji, ƙamshi ya ce yana nan. Ni na san aikina, turarena ba ya fita don an nuna masa ruwa.

Sai ga tsohon ya hawo da kansa, kare na biye. Karen na ganina ya koma bayan ƙafarsa. Suka yi ta Faransanci, ɗiyata na juya mini. Wai sun shawarta. Ba su taɓa ganin abin da ya share daji kamar rigar nan ba. Saboda haka surukina ya zo ran Asabar da ita da gwangwaninsa yadda suke, su tsayar da shi ta inda iska ke tasowa, su kuma su jira ta ɗaya gefen. Duk barewar da ta gudu daga gare shi, wajensu za ta.

Ya so a ce mai kiran barewa ne, ya zama mai korar ta. Amma ya shiga. Asabar ɗin ya dawo da cinya guda, shi ya yanka da wuƙarsa da bisimilla, na yi wa mai jego farfesu da kimba. Da zan koma gida ya aiko matarsa ta roƙe ni in bar masa sauran humrar. Na bar masa rabi.

Yau tsohon Baturen ya riga mu gidan gaskiya, karensa ma tun kafin shi. Cikin maharban an ce saura mutum biyu, guda ba ya gani sosai. Surukina na nan da furfurarsa, sun koma Bron nan kusa da Lyon, ɗiyata na nan, jinjirar nan ta fi ni tsawo. Sai ni, da Allah ya bari ina cin tuwo da sauran haƙorana.