Ranar da Baba ya ɗaura mana buhu a ƙafa

A hunturun 1992, ina aji huɗu, muka taso daga unguwarmu ta Mahjar a Jidda muka hau tsaunin Shafa, can wajen Ɗa'if, shan iska da tukunyar shinkafa da fulas ɗin shayi. Mu 'yan Jidda ba mu san sanyi ba sai na firji, don haka silifas muka saka, har Inna da cikinta wata takwas. Bayan la'asar hadari ya haɗu, aka zubo ƙanƙara, sannan wani siririn ruwa ya biyo baya, da ya taɓa dutse sai ya daskare. Matakalar da za ta kai mu wurin mota ta yi santsi kamar an shafa mata man gyaɗa. Wani Balarabe ya taka da ƙarfinsa, sai ga shi zaune daɓas. Na ƙyalƙyale da dariya, amma da na ga Inna ta dafe ciki tana rawar ɗari, tsoro ya kama ni.

Baba a masana'antar ƙanƙara yake aiki, yana loda wa masu kifi, kullum hannunsa a tsattsage. Ni kuwa kunyar aikin nake ji, in an tambaye ni a makaranta sai in ce direba ne. Ranar nan bai yi wata-wata ba. Ya zazzage buhun algarara da muka kawo gawayi a ciki, ya yayyanka da wuƙar nama, ya ɗaure wa kowa a ƙafa. "Kada ku ɗaga ƙafa, ja za ku yi, a gicciye kamar ƙaguwa. Yalla, mu je!" Ya shiga gaban Inna yana tafiya da baya, hannuwanta a kafaɗarsa, yana barbaɗa tokar murhunmu a kowane taki, har muka sauka ba wanda ya faɗi. "Ashe kowa da ranarsa, Malam," in ji Inna. Waɗanda suka maƙale a sama suka shiga kiransa baffa da Larabci, "Ya ammi, mu ma!" Sau shida yana komawa. Ni kuwa na tsaya jikin mota ina shelanta wa duk wanda ya sauko, ko bai tambaya ba: "Babana ne! Aikin ƙanƙara yake yi!"

Ƙanwata da aka haifa bayan sati uku, yanzu ita ke kai 'ya'yanta wasan zamiya kan ƙanƙarar manyan kantuna, da hula da safar hannu. Baba ya rasu, masana'antar ma an rushe ta. Ban taɓa neman gafararsa ba, amma na san ya ji ni ranar nan, domin sai da ya waiwayo.